Maroko a Idon Matafiyi: Bayani a Kan Wuraren Tarihi da Al'adu da Shimfiɗar Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan muhimman wuraren da suke jan matafiya zuwa ƙasar Maroko, inda ta karkasa su gida uku: wuraren tarihi, da al'adun da ake gudanarwa a bainar jama'a, da kuma shimfiɗar ƙasa. Manufarta ita ce nuna cewa kusan duk abin da baƙo yake biyan kuɗi ya gani a yau, an samar da shi ne tun asali domin wata buƙata ta mazauna wurin, kamar karatu ko ibada ko fatauci ko ban ruwa, kuma ɗorewarsa ta rataya ne a kan ci gaban wannan buƙata. Haka kuma maƙalar ta fito da wuraren da tarihinsu ya haɗu da na ƙasar Hausa ta fuskar littattafan zaure da ɗariƙa da ayarin Sahara. Daga ƙarshe an dubi ƙalubalen da girgizar ƙasa da fari da yawan baƙi suke haifarwa ga waɗannan wurare.

Fitilun Kalmomi: Maroko, yawon buɗe ido, ziyara, wuraren tarihi, Fas, Marakish, Ginawa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tafiya, kuma ya ba kowane irinta suna gwargwadon dalilinta. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai tafiyar neman ilimi, akwai ziyara, sannan akwai aikin hajji wanda a da yake cin shekaru a ƙasa. Yawon buɗe ido, wato mutum ya kashe dukiyarsa domin kallo kawai, shi ne baƙo a cikinsu, duk da cewa karin maganar da ke cewa tafiya mabuɗin ilimi ta riga ta share masa fage. Ƙasar Maroko tana daga cikin wuraren da waɗannan nau'o'in tafiya suke haɗuwa a titi guda. A tsohon birnin Fas, Baturen da ya zo ɗaukar hoton majema da Bakanon da ya zo ziyarar Shehu Tijjani sukan bi lungu ɗaya, amma abin da kowannensu yake nema daban ne.

Alƙaluman hukumomin ƙasar sun nuna cewa baƙi miliyan 14.5 suka shiga Maroko a shekarar 2023, adadin kuma ya kai miliyan 17.4 a 2024, abin da ya sa ta zarce Masar ta zama ta ɗaya a Afirka wajen karɓar baƙi. Wannan ya isa dalilin tambayar abin da mutane suke zuwa gani, da yadda aka yi ya samu, da kuma abin da yake riƙe da shi. Ga manazarcin Hausa akwai ƙarin dalili, domin wasu daga cikin kaburbura da masallatai da kufan da ke cikin jerin wuraren kallo na ƙasar suna ɗauke da wani yanki na tarihin ilimi da kasuwancin ƙasar Hausa.

2.0 Ƙasar Maroko a Taƙaice

Maroko tana kusurwar arewa maso yammacin Afirka. Tekun Atilantika ne ya yi mata iyaka ta yamma, Bahar Rum ta arewa, inda mashigin ruwan da ya raba ta da Sifaniya bai wuce kilomita 14 ba a wurin da ya fi ƙunci. Ta gabas tana maƙwabtaka da Aljeriya, ta kudu kuma ta fuskanci Sahara. Duwatsun Atlas sun ratsa ta daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, suka raba filayen noma masu ni'ima da ke ɓangaren teku da busasshiyar ƙasar da ke ɓangaren hamada. Ƙidayar 2024 ta nuna cewa mutanenta sun kai kimanin miliyan 36.8. Asalin mazaunanta su ne Amazig, waɗanda aka fi sani da Barbar, kuma tsarin mulkin 2011 ya daidaita harshensu da Larabci a matsayin harsunan hukuma.

Dauloli da dama sun mulki ƙasar, kuma kowace ta zaɓi nata babban birni. Idrisawa sun kafa Fas, Murabiɗai sun kafa Marakish, Muwahhidai sun gaje su, Marinawa suka mayar da mulki Fas, Sa'adawa suka koma Marakish, sannan gidan Alawiyyawa da ke mulki tun ƙarni na 17 ya zauna a Miknas da Fas kafin Rabat. Wannan yawon da gadon sarauta ya yi shi ne ya bar wa ƙasar manyan birane huɗu masu ganuwa da fadoji. Faransa ta mamaye ƙasar a 1912, ta bar wa Sifaniya yankin arewa, har zuwa samun 'yanci a 1956. Babban jami'in mulkin mallaka na farko, Liyote, ya hana rushe tsofaffin birane, ya sa aka gina unguwannin Turawa a wajen ganuwa. Manufarsa ta raba mazaunin mai mulki da na wanda ake mulka ce, amma sakamakonta shi ne tsofaffin biranen sun tsira da siffarsu. A yau ƙasar tana da wurare 9 a jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO.

3.0 Wuraren Tarihi

3.1 Walili

Mafi tsufa daga cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa shi ne kufan Walili da ke kusa da Miknas, wanda Rumawa suka kira Bolubilis. Garin ya bunƙasa ne da noman alkama da zaitun, kuma har yanzu ana ganin duwatsun matsar mai a cikin kangayen gidaje. Akwai babbar ƙofar da aka gina a shekarar 217 domin girmama Sarki Karakalla, da daɓen ɗakuna da aka ƙawata da ƙananan duwatsu masu launi. Muhimmancin Walili bai tsaya ga zamanin Rumawa ba. A nan ne Idris na Ɗaya, sharifi daga tsatson Sayyidina Hassan, ya sami mafaka bayan ya tsere daga Hijaz, mutanen wurin suka yi masa mubaya'a, aka kafa daular Musulunci mai cin gashin kanta a ƙasar. Ya rasu a 791, kuma kabarinsa yana garin Maulaya Idris da ke kan tudun da ya fuskanci kufan.

3.2 Fas

Fas ta fara ne a matsayin garuruwa biyu a gaɓoɓin kogi guda, ɗaya na masu hijira daga Ƙurɗuba ta Andalus, ɗayan na waɗanda suka zo daga Ƙairawan ta Tunisiya, kafin Murabiɗai su haɗe su a ƙarni na 11. Tsohon birnin, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1981, lunguna ne masu ƙunci da mota ba ta shiga, don haka har gobe jakuna da alfadarai da amalanke ne suke dakon kaya a cikinsa.

Zuciyar birnin ita ce masallacin Ƙarawiyyin. Ruwayar da ta shahara ta nuna cewa wata mace mai suna Faɗima al-Fihriyya ce ta gina shi da gadonta a shekarar 859. Daga baya ya zama cibiyar karatu mai zaurukan darasi a jikin ginshiƙai, kuma a 1963 aka shigar da shi tsarin jami'o'in gwamnati. Ɗakin littattafansa yana adana kwafin tarihin Ibn Khaldun wanda marubucin da kansa ya yi waƙafinsa. A cikin birnin ne Marinawa suka gina makarantun da suka fi ɗaukar hankalin baƙi, kamar Aɗɗarin (1323 zuwa 1325) da Bu Inaniyya (1350 zuwa 1355). Wanda ya shiga cikinsu yakan shagala da sassaƙen katako da rubutun da aka ƙwaƙule a jikin farar ƙasa da kuma zallij, wato gutsattsarin tangaran masu launi da ake jerawa su ba da zane. Sai dai in ya hau bene zai tarar da ƙananan ɗakuna a jere, domin asalin waɗannan gine-gine masaukin ɗalibai ne da suka zo daga ƙauyuka, ana ciyar da su daga kuɗin waƙafi. Duk wannan ado an yi shi ne domin almajirai.

Alaƙar Fas da ƙasar Hausa ta fi fitowa ta hanyar littattafai. Ibn Ajurrum, mai littafin nahawun da ɗaliban zaure suke farawa da shi, mutumin Fas ne, kuma a nan ya rasu a 1323. Haka ma Ibn Ashir, wanda ya rasu a 1631, mai waƙen fiƙihun da ake haddacewa a makarantun ilimi. Ruwayar Warshu da gardawa suke rubuta Alƙur'ani da ita, ita ce ake karantawa a masallatan Maroko, kuma salon rubutun allo na ƙasar Hausa dangin rubutun Magrib ne. A Fas ne kuma Hassan al-Wazzan ya tashi, wanda Turawa suka sani da Liyo Afirkanus. Littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka siffanta Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir.

Wurin da ya fi tara Hausawa a birnin shi ne zawiyar Shehu Ahmad Tijjani. An haife shi a Ainu Madi ta Aljeriya, ya ƙaura zuwa Fas a 1798 inda Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi, ya rasu a 1815 aka binne shi a zawiyar. Ɗariƙarsa ta iso ƙasar Hausa ta hannun irin su Alhaji Umarul Futi, wanda ya zauna a Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sannan ta ƙara yaɗuwa bayan haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Zawiyar ba ta buɗe ga wanda ba Musulmi ba, don haka ba ta cika samun wuri a littattafan jagorar masu yawon buɗe ido ba, amma masaukai da shagunan da ke kewayenta sun dogara ne da maziyarta daga Senegal da Mali da Nijar da Nijeriya.

3.3 Marakish

Murabiɗai, waɗanda makiyaya ne daga Sahara, su suka kafa Marakish wajen shekarar 1070. Jar ƙasar da aka gina ganuwarta da ita ce ta sa ake kiranta jan birni. Alamarta ita ce hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon kimanin mita 77, wadda aka kammala a ƙarshen ƙarni na 12 a zamanin Muwahhidai. Sunan masallacin ya samo asali ne daga masu sayar da littattafai da suke baje kolinsu a gindinsa.

Kangon fadar Badi'u yana da darasi ga mai nazarin tarihin Afirka ta Yamma. Sarki Ahmad al-Mansur ne ya fara gina ta a 1578 bayan nasarar da Maroko ta yi a kan Fotugal. Shi ne kuma ya tura rundunar da ta ratsa Sahara ta karya daular Songai a yaƙin Tondibi a 1591, har aka yi masa laƙabi da mai zinare. Cikin waɗanda aka kamo daga Tumbutu akwai babban malami Ahmad Baba, wanda aka kawo Marakish a 1594, ya koyar, ya yi rubuce-rubuce a can, kafin a bar shi ya koma gida a 1608. Fadar ba ta daɗe ba, domin Sarki Maulaya Isma'il ya kwashe marmara da katakonta ya kai Miknas, ya bar garu da manyan kwatamai, waɗanda a yau shamuwa take sheƙa a kansu. Kusa da ita akwai maƙabartar Sa'adawa da aka toshe hanyarta tsawon ƙarni biyu, sai a 1917 aka sake buɗe ta.

Marakish tana da nata tsarin ziyara da ake kira mazaje bakwai, wato kaburburan waliyyai bakwai da ake zagayawa ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinsu sanannu ne a kowane gari na ƙasar Hausa, ko da mutane ba su san inda suke kwance ba. Na farko shi ne Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, mai littafin Ashafa da ake karantawa a watan azumi da lokacin Mauludi. Na biyu shi ne Imam Jazuli, wanda ya rasu a 1465, mai littafin Dala'ilul Khairati da ƙungiyoyin 'yan Dala'ilu suke rerawa.

3.4 Miknas da Rabat da Kasabalanka

Miknas aikin mutum ɗaya ce, wato Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Ya bar manyan rumbunan hatsi da bargar dawaki da ƙofar Mansur da aka kammala a 1732. Ƙarfin mulkinsa ya dogara ne da rundunar baƙaƙen bayi da ake kira Abidul Bukhari, saboda da littafin Bukhari aka rantsar da su. A Rabat, babban birnin ƙasar, akwai hasumiyar Hassan mai tsawon mita 44, wadda aikinta ya tsaya da rasuwar Ya'aƙub al-Mansur a 1199, ga ginshiƙan masallacin da ba a rufa ba a jere a gabanta. A Kasabalanka kuwa akwai masallacin Hassan na Biyu da aka buɗe a 1993 a bakin teku, wanda yake cikin 'yan ƙalilan na masallatan ƙasar da ake barin wanda ba Musulmi ba ya shiga.

3.5 Hanyar Ayari

A bayan duwatsun Atlas ne hanyoyin ayarin Sahara suke farawa. Babban zangonsu shi ne Sijilmasa, wadda aka kafa a 757, kuma kufanta yana kusa da garin Risani na yanzu. Daga nan ne Ibn Baɗɗuɗa, haifaffen Tanja, ya tashi a 1352 zuwa daular Mali, ya biyo ta Takedda da ke cikin Nijar ta yau, inda ya ambaci cewa ana kai tagullar garin zuwa Gobir da Barno. Abin da ya rage na Sijilmasa guntayen garu ne.

Wurin da ya fi nuna yadda zangunan suke shi ne Ait Bin Haddu, gari mai ganuwa da aka gina da ƙasa a jikin tudu, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1987. Masu shirya finafinai na Amurka da Turai sun yi amfani da shi sau da dama, ciki har da fim ɗin Gladiator na shekarar 2000. Maginin Hausa ba zai ga baƙon abu ba a nan: gini ne na ƙasa mai kaurin bango da azara, mai sanyi da rana da ɗumi da dare, wanda kuma yake buƙatar yaɓe da gyaran indararo bayan kowane ruwa. Mafi yawan mazaunan sun ƙaura zuwa sabon gari a ƙetaren kogi, gidaje kaɗan ne suka rage a ciki. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure rashin mai gida.

4.0 Al'adun da Ake Kallo

4.1 Dandalin Jami'ul Fana

Wannan fili da ke tsakiyar Marakish yana sauya kama sau biyu a rana. Da hantsi wurin masu lemon matsi ne da masu magani da masu lalle da masu wasa da maciji. Da yamma sai a kafa rumfunan abinci, masu ba da labari da makaɗa da 'yan barkwanci su buɗe fage, jama'a su kewaye kowannensu. Wannan da'ira ita ake kira halƙa, kuma tsarinta ya yi kama da yadda ake kewaye 'yan kama ko 'yan gambara a kasuwannin ƙasar Hausa, inda mai wasa yake tsayawa a daidai wurin da labari ya yi daɗi har sai an jefa masa kuɗi. Fafutukar kare wannan dandali daga masu son gina shi, wadda marubucin Sifaniya Huwan Goyitisolo ya jagoranta, tana cikin abin da ya sa UNESCO ta ƙirƙiro tsarin kare al'adun da ba gini ba ne, kuma dandalin yana cikin rukunin farko da aka ayyana a 2001. Duk da haka masu ba da labari sun ragu ƙwarai, domin sana'arsu tana buƙatar mai jin harshe, baƙo kuwa ya fi biyan abin da zai ɗauka a hoto.

4.2 Kiɗan Ginawa

Ginawa zuriyar mutanen da aka kwaso ne daga kudancin Sahara ta hanyar bauta da aikin soja. Kayan kiɗansu su ne gimbiri, mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, wanda ya yi kama da garaya ko molo, da ƙaraƙib na ƙarfe da ake kaɗawa da hannu, da kuma ganga. Asalin kiɗan na warkarwa ne, a wani zaman dare da ake kira lila, inda ake kiran iskoki rukuni-rukuni, kowane da launin tufafinsa da turarensa da takensa. Mai nazarin bori zai ga kusanci a fili, kuma a cikin waƙoƙin ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa a matsayin tushen kakanni. Wannan ya tuna da fatawar da Ahmad Baba ya rubuta bayan komawarsa Tumbutu, inda ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Buƙatar irin wannan fatawa shaida ce cewa ana kamo su.

Tun 1998 ake gudanar da bikin Ginawa na shekara-shekara a Sawira, garin bakin teku da a da ake yi wa laƙabi da tashar jiragen ruwan Tumbutu, kuma a 2019 UNESCO ta sanya kiɗan a jerinta. Bikin ya ɗaga darajar makaɗan da a baya ake raina su. Sai dai abin da ake hawa dandamali da shi waƙa ce da rawa, yayin da lila ta ainihi take gudana a cikin gidaje.

4.3 Jima da Hawan Dawaki

Majemar Shuwara da ke Fas jerin ramuka ne na dutse da baƙi suke kallo daga saman shagunan fata, riƙe da ganyen na'a-na'a saboda wari. Ana jiƙa fata a ruwan farar ƙasa domin gashi ya saki, a tausasa ta da kashin tattabara, sannan a rina ta. Matakan ba su yi nisa da na majeman Kano ba. Akwai ma tsohuwar alaƙa, domin wani kaso na abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, fatar jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya kai ta tashoshin Afirka ta Arewa.

A bukukuwan karkara kuwa ana yin taburida, inda mahaya suke jeruwa sahu guda, su zaburo dawaki, su harba bindigogin gargajiya a lokaci ɗaya kamar harbi guda. UNESCO ta karɓe ta a 2021, shekara uku kafin ta karɓi hawan sallar Kano a 2024, kuma kwatanta su biyun fage ne da yake jiran manazarta.

5.0 Shimfiɗar Ƙasa

Abin da ya bambanta Maroko ta wannan fuska shi ne kusancin yanayi mabambanta. Daga Marakish mutum yana iya hango dusar ƙanƙara a kan Atlas yana tsaye a gindin dabino. Dutsen Tubkal, mai tsawon mita 4,167, shi ne mafi tsawo a Afirka ta Arewa, kuma mazauna ƙauyukan Amazig da ke gindinsa su ne jagorori da masu alfadaran dako ga mahaya dutsen. A tsakiyar Atlas akwai dazuzzukan Ifran masu dogayen itatuwa da birai marasa jela, sai kuma magangarar ruwa ta Uzud mai tsawon kimanin mita 110. A arewa akwai Shafshawan, garin da aka kafa a 1471 a cikin duwatsun Rif, wanda ya yi suna saboda shuɗin fentin gidajensa.

Ta gefen hamada akwai kwazazzaban Todga da Dadis, da tuddan rairayi na Shabbi kusa da Marzuga, waɗanda wasunsu suka kai mita 150, inda ake kai baƙi a kan raƙuma su kwana a tanti. Korayen gonakin dabinon da ake gani a wannan yanki aikin hannu ne. Ruwansu yana zuwa ta khaɗɗara, wato jerin rijiyoyi da aka haɗa da rami ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya gangaro daga gindin dutse zuwa gona ba tare da inji ba, a raba shi tsakanin manoma bisa lokaci.

A kudu maso yamma ne itacen argan yake fitowa, wanda matan Amazig suke fasa ƙwallonsa su tatsi mai na ci da na shafawa, kwatankwacin yadda ake sarrafa kaɗanya. UNESCO ta ayyana dajinsa a matsayin keɓantaccen yanki a 1998. Awaki sukan hau itacen su ci 'ya'yansa, kuma wannan hoto ya yi farin jinin da har a kan hanyar Marakish zuwa Sawira ake samun masu ɗora awakin da hannu domin baƙi su tsaya su biya.

6.0 Ƙalubale

Ƙalubale na farko shi ne na bala'i. A daren 8 ga Satumba 2023 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta auka wa yankin Hauz a cikin Atlas, ta kashe mutane kusan 3,000, mafi yawansu a ƙauyukan da aka gina da ƙasa da dutse. Masallacin Tinmal na shekarar 1148, wanda yake mahaifar daular Muwahhidai, ya rushe sosai. Sake gina ƙauyukan ya taso da muhawara tsakanin masu son komawa ga siminti da masu ganin a inganta ginin gargajiya.

Na biyu shi ne ruwa. Ƙasar ta yi shekaru a jere cikin fari, har ta kai Sarki Muhammad na Shida ya buƙaci jama'a su haƙura da layya a 2025 saboda raguwar dabbobi. Rijiyoyin burtsatse sun janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, khaɗɗarori da yawa sun ƙafe, alhali otal-otal da filayen wasan golf na Marakish suna buƙatar ruwa mai yawa.

Na uku shi ne sauyin mazauna. A tsofaffin biranen Marakish da Fas da Sawira, masu kuɗi na gida da na waje suna sayen tsofaffin gidaje masu tsakar gida su mayar da su masaukin baƙi. Hakan ya ceto gine-gine da dama daga rushewa, ya kuma samar da aiki ga masassaƙa da masu zallij. Amma idan iyalai suka tashi, gidan burodin unguwa da gidan wanka da makarantar allo sukan rasa masu zuwa, shagon maɗinki ya koma na kayan tsaraba. Wannan matsin lamba zai ƙaru, ganin cewa ƙasar ta buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun gaske tsakanin Tanja da Kasabalanka a 2018, kuma za ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal.

7.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa wuraren kallo na Maroko sun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda aikin da aka yi su dominsa ya mutu, kamar Walili da Sijilmasa da fadar Badi'u, waɗanda sai hukuma ta tsare su da shinge da mai gadi. Akwai kuma waɗanda aikinsu yake raye, kamar Ƙarawiyyin da zawiyar Shehu Tijjani da majemar Shuwara da gonakin dabino, waɗanda masu amfani da su ne suke gyara su. Ait Bin Haddu da halƙar masu labari da lilar Ginawa suna tsakanin kason biyu, kuma yadda aka tafiyar da harkar baƙi shi zai nuna inda za su faɗa.

Ga fagen nazarin Hausa, maƙalar tana ba da shawarar a duba abubuwa uku: kalmomi da sunayen iskoki na cikin waƙoƙin Ginawa a kwatanta su da na bori, da tarihin ziyarar Hausawa zuwa Fas da waƙoƙin begen da ta haifar, da kuma dabarun adana ginin ƙasa a kudancin Maroko, waɗanda za su amfani masu kula da badalar Kano da tsohon birnin Agadas. Ayyuka ne da suke buƙatar mai jin Hausa da Larabci, kuma sassan Hausa na jami'o'inmu ba su rasa irin waɗannan ɗalibai ba.